Zaɓen Takardar Buga Zane A Jikin Riga

(Jawabin da wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya a nan Tagwai, ranar da aka zauna shawarar saya wa matasa kayan sana'a.)



Malam shugaba, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata da ke zaune can baya, da ku 'ya'yanmu matasa, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya. Ina godiya ga kwamiti da ya ga ya dace a ba ni wannan dama, alhali ga waɗanda suka fi ni ilmi da shekaru a zaune. Tun farko ina neman afuwa, domin ni karatuna na allo ne da Islamiyya, sai kuma abin da kasuwa ta koya mini. Na yi shekara talatin da wani abu ina sayar da yadi da riguna, tun 2017 kuma na haɗa da buga zane da rubutu a jikin riga. Abin da zan faɗa yau, yawancinsa da kuɗina na saye shi.

Kowa ya san abin da ya tara mu. Ƙungiya ta tara gudummawa don a kafa wa yaranmu sana'a, yara shida daga cikinsu kuma sun ce bugun riga suke so. Sun yi tunani mai kyau, domin garin nan akwai ciniki. Ga ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Bosso da Gidan Kwano, wadda aka kafa a 1983, duk shekara masu fita suna buga riguna. Ga Kwalejin Ilmi, ga masu yi wa ƙasa hidima da ke sansaninsu a Paiko, ga makarantun boko masu wasannin gida-gida, ga Islamiyyu masu sauka, ga ƙungiyoyin ƙwallo na unguwanni, ga biki da suna, ga kuma zaɓen 2027 yana tafe. To amma kuɗin da za a kashe ɗin nan, a ciki akwai na mai sayar da ƙosai, akwai na ɗan acaɓa, akwai na dattijon da ya rage cefanen gidansa ya kawo. Irin wannan kuɗi ba a yin ganganci da shi.

Na lura tun da aka fara maganar, kowa inji yake ambato. Wane inji za a saya, nawa ne, daga Legas ko daga Kano. Ban ji wanda ya ambaci takarda ba. Alhali inji sau ɗaya ake sayensa, takarda kuwa kullum ce, kuma ita ce ke zama a jikin rigar mutum bayan ya bar shagonka. In ta yi kyau sunanka ne, in ta ɓaci ma sunanka ne.

ABIN DA YA SAME NI

Bari in fara da tonon asirin kaina, don hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A shekarar 2019 wata makarantar Islamiyya ta ba ni aikin riguna ɗari da hamsin, korra, na yara masu saukar karatu da masu raka su. Shugaban makarantar dattijo ne da nake jin kunyarsa, ya san mahaifina. Ya ba ni kuɗi cif, bai ko taya ba. Na aika a sayo mini takardar da na saba aiki da ita, sai mai kayan ya ce ta ƙare, amma akwai wata sabuwa, ba ta da suna a jikin kwali, kusan rabin kuɗin waccan, kuma wai duk ɗaya ce. Kwana huɗu ya rage a yi walima. Na duba ribar da za ta ƙaru, zuciya ta raya mini, na ce a kawo.

Ranar walima riguna sun yi kyau, har ana ta tambayar wa ya yi. Bayan mako biyu sai ga dattijon nan a ƙofar shagona da leda a hannu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya fito da riguna uku ya shimfiɗa a kan tebur. Zanen ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, gefe-gefen ya ɗaɗɗago, sunan makarantar rabinsa ya tafi. Ya ce, "Alhaji, wanki biyu ke nan. Iyayen yara suna cewa ni na ci kuɗin." Wallahi jama'a, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shiga. Na sake sayen riguna ɗari da hamsin da kuɗina, na sake bugawa. Ribar wata huɗu ta tafi, kuma sai da na shekara biyu kafin wata makaranta a wannan yanki ta sake ba ni aiki. Mai kayan ya yi mini ƙarya, gaskiya ne, amma laifin nawa ne, don ban gwada ba. Arha ba ta ado.

TAMBAYA UKU KAFIN A TAƁA ALJIHU

Duk wanda zai sayi takarda, sai ya amsa tambaya uku tukuna. Da me aka saƙa rigar? Wane launi ce? Wace irin firinta gare ni? Wanda ya je kasuwa ya ce a ba shi "takardar tiransifa" kawai, kamar wanda ya je kyamis ne ya ce a ba shi magani bai faɗi ciwon ba.

Ta fuskar saƙa, rigunan da ke kasuwa iri uku ne: na auduga zalla, na roba wato foliyasta, da na gauraye. A da, lokacin da masaƙun Kaduna da Kano ke aiki sosai, mun san abin da muke saye. Tun da suka durƙushe, har babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, yawancin tishat daga waje ake shigo da su, irin su Sin da Indiya da Bangaladash, su sauka Legas, su zo Kano, wasu kuma a ɗinka su a Aba. Abin da aka rubuta a wuyan riga ba kullum yake gaskiya ba. Ga dabarar da duk tsohon ɗan Kantin Kwari ya sani: zaro zare kaɗan daga cikin kalmasa, ka sa masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda, da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba kuwa narkewa take yi, ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri, da warin leda. In ka ga toka da dunƙule tare, gauraye ce.

Ta fuskar launi, ku riƙe wannan da kyau: firintar da muke da ita a shaguna ba ta da farar tawada. Duk inda ka ga fari a hoto, farin takarda ne, firinta tsallake wurin ta yi. Saboda haka in ka ɗora zane a kan riga mai duhu ba tare da farin shimfiɗa a ƙarƙashinsa ba, launin riga zai haɗiye shi. Rawaya a kan shuɗiyar riga sai ta koma kore, a kan baƙa kuwa ko ganinta ba za a yi ba.

Ta fuskar firinta, akwai mai aiki da tawadar ruwa, irin su Epson L3110 da L805 da L1800, akwai kuma ta leza mai aiki da hoda. Kowace da takardarta. Ta leza tana da wani bangare mai zafi ƙwarai a ciki wanda ke narkar da hodar a kan takarda. In ka zura mata takardar tawadar ruwa, ƙaron da ke jikin takardar zai narke ya manne a ciki, ka yi asarar takarda da firinta gaba ɗaya. Na ga wanda hakan ta faru gare shi a makonsa na farko.

IRE-IREN TAKARDUN

Ta farko ita ce takardar farar riga. Tana da wani ɗan siririn ƙaro marar launi a fuskarta, shi ke ɗaukar tawada ya manne a jikin yadi in ya ji zafi. Ana juya zane kamar a madubi kafin a buga, sannan a kifa ta a kan riga. Ita ce mafi sauƙin kuɗi, in mai kyau ce kuma tana da laushi a jiki. Ta dace da farar riga ta auduga ko gauraye, da launuka masu haske ƙwarai. Daga cikin sanannu akwai Jet-Pro SofStretch ta kamfanin Neenah na Amurka, wadda ake danna ta a digiri 190 na tsawon sakan 30. Aibinta shi ne duk inda ba a yanke ba yana barin wani ɗan shatin ƙaro, don haka sai an bi gefen zane da almakashi.

Ta biyu ita ce takardar riga mai duhu. Wannan tana da farin falle mai kauri, kamar fatar roba, a kansa ake bugawa. Ita ba a juya zanenta. Ana bugawa daidai, a yanke, a ɓare bayan, a ɗora ta fuskarta sama, a rufe da takardar kariya, sannan a danna. 3G Jet-Opaque na daga cikin waɗanda aka sani, ana danna ta a wajen digiri 177, sakan 30. Wannan takarda tana aiki, amma ku san halinta. Iska ba ta ratsa ta. Ku da kanku kun san zafin Minna a watan Maris da Afrilu. Ka manna wa mutum falle mai girman A4 a ƙirji, kamar ka ɗaura masa leda ne. Kuma ita ce ta fi saurin tsagewa in marar kyau ce, ita ce ta kunyata ni. Ta fi dacewa da ƙaramin tambari a ƙirji, ko aikin riga ɗaya zuwa biyar da ake so yau-yau.

Waɗannan biyun, tawadar da ka zuba a firinta tana da tasiri a kansu. Akwai tawada irin ta rini wadda ke narkewa a ruwa, akwai kuma wadda ake ce wa figiman, mai ƙananan ƙwayoyin launi. Ta rini ta fi ƙyalli ranar farko, amma tana zuba a wanki, rana kuma tana cinye ta. Ta figiman ta fi jure wanki. Mai son aikin riga da gaske, ita zai nema.

Ta uku ita ce takardar sabilimeshan. Wannan aikinta daban ne, kuma abin mamaki ne. Tawadarta ta musamman ce, in ta ji zafi kamar digiri 190 zuwa 200 na tsawon sakan 45 zuwa 60, sai ta zama tururi ta shige cikin zaren roba, in ya huce ta zauna a ciki. Ka shafa hannu ba ka jin komai, ba ta tsagewa, ba ta ɓarewa, sai dai riga ta tsufa da zanenta. Amma sharaɗinta biyu ne, ba ta yafe ko ɗaya: rigar ta zama ta roba, aƙalla kashi 65 cikin 100, kuma ta zama fara ko mai haske. A kan auduga za ta fito kamar ta kama, wanki ɗaya ta dushe. Ita ce ta jesin 'yan ƙwallo da rigunan yaƙin neman zaɓe, har da kofi da faranti waɗanda aka yi musu shafe na musamman. Firintar Epson ake sa wa wannan tawada, saboda kanta ba da zafi yake fesa tawada ba, saɓanin yawancin ƙananan Canon da HP. Kuma in ka ware firinta don wannan aiki, to ta zama tasa, kada ka riƙa canza mata tawada yau wannan gobe waccan.

Ta huɗu ita ce takardar leza. Akwai masu kyau, irin na kamfanin Forever na Jamus, wasunsu falle biyu ne da ake haɗawa, zanen kaɗai ke hawa riga ba sai an yanke ba. Sai dai don riga mai duhu ana bukatar firinta mai farar hoda, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin mai farawa. Na ambace ta ne don ku san da ita.

Ta biyar ita ce wadda ake kira DTF, wadda ta bazu daga wajen 2020 zuwa yau, ta kuma canza sana'ar nan. Ita leda ce mai shara-shara. Inji na musamman ke buga launi a kanta, ya bi da farar tawada, a barbaɗa wata hodar ƙaro, a gasa, shi ke nan ta zama abin mannawa. Ana danna ta a digiri 150 zuwa 165, sakan 10 zuwa 15. Tana hawa auduga, tana hawa roba, fara ko baƙa, ba yanka, tana miƙewa tare da yadi, tana kuma jure wanki fiye da takardar riga mai duhu nesa ba kusa ba. Da a 2019 akwai ta a hannuna, da dattijon nan bai zo mini da leda ba.

Akwai kuma abu biyu da ba takarda ba ne amma dole mai sana'a ya san lokacinsu. Lamba da suna a bayan jesi, fileks ya fi, wato robar nan mai launi ɗaya da inji ke yankawa. Aiki kuma in ya kai riga ɗari biyu, ɗari biyar, launi ɗaya ko biyu, to bugun sikirin na gargajiya ya fi arha ya fi ƙarko. In aka kawo maka irin wannan, kai wa masu yi ka ɗauki la'adarka. Wanda ya ce komai shi zai yi, shi ke kwana a shago yana ɓata kayan mutane.

ZAFI, LOKACI DA MATSI

Takarda mai kyau ma tana ɓaci a hannun wanda bai iya ba. Abu uku ke manna zane: zafi, lokaci, da matsi. Kowace takarda tana zuwa da umarninta a cikin kwali, a karanta, in ba a iya Turanci ba a nemi wanda zai karanta, matambayi ba ya ɓata. Kwalin da babu suna, babu umarni, a bar wa mai shi kayansa.

A kula da ma'auni. Takardun Amurka da ma'aunin Faranhait suke rubutu, injinanmu kuwa yawanci Salshiyas ne. In ka ga 375, a namu 190 ke nan. In ka ga 350, a namu 177. Yaron da bai san haka ba zai ƙure wa inji wuta ya ƙone rigar mutane. A kula kuma da ɓarewa: wata takardar da zafinta ake ɓare ta, wata sai ta huce. In ka saɓa, zane zai biyo takardar.

Dutsen guga na gida, ko na wuta ko na gawayi, ba ya wannan aiki in dai na sayarwa ne. Zafinsa ba daidai yake ko'ina ba, hannu kuma ba ya ba da matsin da ake so. Injin dannawa mai faɗin santimita 38 da 38 ya isa mai farawa. Amma yana jan wuta, wat 1,400 zuwa 1,800, ƙaramin janaretan nan na kallon talabijin ba ya ɗaukarsa. Jiharmu ita ke da Kainji tun 1968, da Jebba, da Shiroro tun 1990, ga Zungeru da aka kammala a 2023, amma duk da haka kowa ya san yadda wuta take a unguwa. Wani lokaci tana nan amma ba ƙarfi, inji ya nuna ya kai zafi, ka danna riga biyu ya sauka. Ka jira ya koma daidai kafin ka ci gaba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin man janareta ya zama wani babban kaso, dole ya shiga lissafin kowace riga.

Sai damina. Daga Afrilu zuwa Oktoba iskar garin nan da laima take, mu da ke kusa da madatsar ruwan Tagwai mun fi kowa sani. Auduga tana shan laima ko da ka taɓa ka ji ta bushe. Kafin ka ɗora takarda, danna rigar ita kaɗai sakan 5, za ka ga tururi na tashi. In ba ka yi haka ba, tururin nan ne zai shiga tsakanin zane da yadi ya hana shi kamawa. Takardar ma a bar ta cikin ledarta, a kwance, a rufe, kada a ajiye ta a ƙasa ko jikin bango. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, a rufe firinta da ƙyalle, a kaɗe riga kafin a danna.

SAI AN GWADA AKAN SAN NA ƘWARAI

Wannan ita ce ƙa'idar da na ɗora wa kaina tun daga abin da ya faru. Duk sabuwar takarda, ko da ɗan'uwana ne ya kawo, falle biyar nake fara saye. In buga a kan irin rigar da zan yi aiki da ita, in bar ta kwana ɗaya, in kai gida in ce a wanke ta yadda ake wanke kayan yara: da omo, da cuɗa, da matsewa, da shanya a rana. Sau biyar. Bayan nan in kama zanen da hannu biyu in ja. In ya tsage ko ya ɗago, an gama magana. Turawan da suka yi takardun nan da injin wanki da ruwan sanyi suke gwada su. Mu kuwa a kan dutse ake wanki, a zuba bilic, a bi da dutsen guga na gawayi. Takardar da ta ci jarrabawa a can ba lallai ta ci a Tagwai ba.

Mai saye ma yana da haƙƙin a gaya masa yadda zai kula da rigarsa: kada a wanke sai bayan awa 24, a juya ta ciki waje, ban da bilic, ban da jiƙawa ta kwana, kada a ɗora dutsen guga a kan zanen. Minti ɗaya ne faɗin wannan, amma yana kashe rigima da yawa.

LISSAFI

Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024, takarda da tawada kuwa duk daga waje suke zuwa. Shi ya sa kwaɗayin mai arha ya ƙaru. To mu yi lissafi, a matsayin misali, kowa ya sa farashin ranar da zai saya. A ce riga naira 3,000 ce, takarda mai kyau 700, marar suna 400. A riga 100, mai arha ta rage maka 30,000. In ta ɓaci fa? Riguna 300,000, takarda 40,000, ban da tawada da mai da wahalarka, ban da mutuncinka. Ka sa 340,000 a bakin rijiya don ka tsira da 30,000. Wannan ko yaron da ke aji uku ya san ba ciniki ba ne. Kuma a kowane aiki a ƙara riga da takarda kamar biyar a kan ɗari, saboda kuskure ba ya sallama.

Aikin 'yan siyasa kuwa, kowace jam'iyya ce, a karɓi kuɗin kaya gaba ɗaya kafin a kunna inji. Bayan zaɓe wanda ya ci ba ya ganuwa, wanda ya faɗi ba ya ɗaga waya, riga mai hoton mutum kuma ba ta sayuwa ga kowa.

RUBUTUN DA MUKE BUGAWA

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Yawancin aikinmu da rubutun Larabci ne ko ajami ko Hausar boko. Maganar juya zane kamar a madubi da na yi ɗazu, in rubutun boko ne aka manta, kowa zai gani nan take. In na Larabci ne kuma yaron da ke kan kwamfuta bai iya karantawa ba, sai ya buga riga hamsin a birkice bai sani ba. Wata kwamfutar ma rarraba haruffan take yi, ta jera su daga hagu. Hausar ma, wani salon rubutun ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga an rubuta kasa a wurin ƙasa, ko baki a wurin baƙi. A buga a farar takarda tukuna, mai aiki ya karanta, ya sa hannu.

Ina kuma roƙon yaranmu, in an kawo aikin aya ko sunan Allah a jikin tishat, a ba mai shi shawara cikin ladabi. Riga ce da za a shiga bayi da ita, a jefa ta cikin kayan wanki, in ta tsufa a yi tsumma da ita. Sunan makaranta da shekarar sauka sun wadatar. Malamai suna nan, sun fi ni sanin hukunci. Haka nan tambarin soja ko na 'yan sanda ko na wata hukuma, kada a buga wa wanda ba a sani ba, komai kuɗinsa.

SHAWARATA GA KWAMITI

A taƙaice ga abin da nake gani. Kada a sayi injin DTF yanzu. Yana da tsada, farar tawadarsa tana toshe kai in ya kwana biyu bai yi aiki ba, yana son wuta tsayayya da mai gyara a kusa. Masu shi suna bugawa su sayar da awon mita, ka tura musu zane ta waya, su ba direba ya kawo maka tasha. A saya wa yaran injin dannawa mai kyau guda biyu, da firinta biyu, ɗaya ta sabilimeshan ɗaya ta figiman, da janareta mai ƙarfi wanda za su yi tarayya a kai. Farar auduga, takardar farar riga. Farar roba, sabilimeshan. Duk abin da ya yi duhu, DTF. Takardar riga mai duhu a ajiye kaɗan don aikin gaggawa. A ware wani abu daga cikin kuɗin don gwaji, wata guda suna ɓata tsofaffin riguna kafin su taɓa na mutane. Shagona a buɗe yake, duk ranar Asabar bayan la'asar su zo mu yi tare, ba na karɓar ko kwabo.

Daga ƙarshe, 'ya'yana, ku tuna inda muke. Kakanninmu sun biyo layin dogon nan na Baro zuwa Kano da aka gama a 1911, wasu sun zo bayan an yi Jihar Neja a 1976, suka tarar da Gbagyi masu ƙasa, suka zauna da su da Nufawa da sauran jama'a lafiya. Abin da ya zaunar da su shi ne in Bahaushe ya ce kayan nan mai kyau ne, to mai kyau ne. In ɗayanku ya cuci mutum ɗaya da takardar banza, ba za a ce wane ne ba, cewa za a yi yaran Hausawan Tagwai ne. Malamanmu sun karantar da mu tun muna yara cewa algus haramun ne, ɓoye aibin kaya kuma yana cire albarkar ciniki. In mutum ya ce mai arha yake so na kwana ɗaya, gaya masa gaskiya cewa ba za ta daɗe ba, in ya yarda ka yi masa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, a yafe mini. Allah Ya sa albarka a cikin abin da aka tara, Ya saka wa duk wanda ya ba da gudummawa, Ya ba yaranmu ciniki na halal, Ya zaunar da garinmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Na kawo rigunan gwaji guda shida, suna nan kan tebur, kowace an wanke ta sau biyar, na rubuta sunan takardar a wuyanta. In an tashi kowa ya zo ya taɓa, ya ja da hannunsa.